Buhun PICS wajen ajiye irin sanfulawa: yana aiki, amma ba kowa ke buƙatarsa ba

Buhun PICS ba baƙo ba ne a Kano. Masu wake sun san shi tun wajen 2007, lokacin da jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗa shi a Yammacin Afirka domin maganin ƙwaron wake, kuma a nan garin kamfanin Lela Agro yake yin sa. Da yake ya yi suna wajen wake da masara, masu noman sanfulawa, shukar nan mai babban fure rawaya da ake matsa mai daga 'ya'yanta, su ma sukan nufe shi idan za su ajiye irin baɗi. Hukuncina a kansa shi ne, buhu ne mai kyau wanda ya cancanci kuɗinsa, amma ga mai gona ɗaya ya yi girma, kuma duk kyansa ba ya gyara irin da aka zuba masa da danshi. A gaskiya ma irin da bai bushe ba ya fi saurin mutuwa a cikinsa fiye da a buhun algarara.

Ga wanda bai taɓa buɗe shi ba, buhu uku ne a haɗe. Leda biyu ce a ciki, kowace kaurinta maikiron 80, wato ƙasa kaɗan da kashi ɗaya cikin goma na milimita, sai buhun saƙa na roba a waje wanda aikinsa ɗaukar nauyi da kare ledojin daga gogayya. Ana yin na kilo 50 da na kilo 100. Babu magani ko ɗaya a jikinsa. Idan aka ɗaure shi da kyau, ƙwarin da ke ciki su ne za su shaƙe iskar oksijin da ta rage, daga nan su daina ci, su daina haihuwa, su mutu. Leda ta biyu tana nan ne saboda ta farko ba ta rasa ɗan hujin da ido bai gani ba.

A wake wannan shaƙewar ita ce dukan labarin, domin ƙwaron wake tun daga gona yake shigowa. A sanfulawa abin ya ɗan bambanta. Busasshen iri mai tsabta ba ya zuwa da ƙwari masu yawa, don haka iskar ciki ba ta saurin ƙarewa, kuma ba komai. Amfanin buhun a nan biyu ne. Yana tare ƙwarin ma'ajiya, irin ɗan jan ƙwaron nan na cikin gari da tsutsar da ke yin saƙa kamar yanar gizo-gizo a saman buhu, su kasa shiga. Na biyu, wanda ya fi, yana hana iri shan laimar iska. Irin da aka girbe a Oktoba ko Nuwamba zai zauna har ƙarshen Yuni ko Yuli kafin ya shiga ƙasa. Watannin hunturu ba su da matsala. Daga Mayu ne, idan hadari ya fara haɗuwa ga kuma zafin bazara bai sauka ba, iri a buɗaɗɗen buhu yake jan danshi, kuma a waɗannan 'yan makonnin ne ake asarar yawancin ƙarfinsa.

Dalilin da ya sa sanfulawa ta fi hatsi rauni shi ne mai. Irin da ake matsa mai da shi yana ɗauke da kusan kashi 40 cikin 100 na mai, wani ma ya fi. Mai ba ya riƙe ruwa, saboda haka duk ruwan da ke cikin ƙwayar yana taruwa ne a sauran ɓangaren, inda ɗan tsiron yake. Masara takan zauna lafiya da danshin kashi 13, amma sanfulawa a kashi 13 jiƙaƙƙiya ce: fumfuna za ta kama ta, ta ɗau zafi, man ya fara warin tsufa. Don ajiyar watanni bakwai ko takwas ana son ta a kashi 8 ko ƙasa. Masana iri suna da wata ƙa'ida ta Harrington da ke cewa duk kashi 1 na danshi da aka rage yana ninka tsawon ran iri, haka ma duk digiri 5 na zafi da aka rage. Ƙiyasi ne, amma ya isa ya nuna inda ya kamata a sa ƙarfi.

Sai maganar girma, wadda ita ce babbar tawayar buhun a wannan aiki. Sanfulawa ba ta da nauyi. Lita ɗaya ta irin mai ba ta wuce giram 400 da 'yan kai ba, alhali ta wake ta haura giram 700. Buhun da aka rubuta wa kilo 100 zai cika maƙil da kilo 50 da ɗoriya na sanfulawa. To nawa manomi yake buƙata? Idan ana shuka a tazarar santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 25 tsakanin rami da rami, hekta tana cin ramuka kusan 53,000. Ƙwaya biyu a kowane rami, ƙwaya dubu kuma tana auna wajen giram 60, ya kama kilo 6 da rabi ke nan. A ƙara na cike gurbi, a ce kilo 8. Wannan ko kashi ɗaya cikin uku na ƙaramin buhun bai kai ba. Ana iya matse iska a ɗaure shi daga ƙasa, zai yi aiki, amma an sayi leda mai yawa don ta zauna a naɗe.

Kilo 8 ɗin nan daidai yake da cikin jarka mai lita 20, mai lita 25 kuma ta ɗauki kusan kilo 10. Shi ya sa ga mai hekta ɗaya ko biyu na fi ba da shawarar jarka. Ɓera ba ya huda ta da sauƙi, ba ta tsoron ƙusa ko tsinke, kuma tana shekaru. Sharaɗinta kawai ta kasance wadda man girki ko ruwa ya zauna a ciki. Wadda ta taɓa ɗaukar fetur, kananzir ko maganin feshi ba ta shiga wannan magana ko an wanke ta sau goma. A wanke da ruwan zafi da omo, a kife ta kwana uku ko huɗu, domin ɗigon ruwan da ya maƙale a kafaɗarta ya isa ya ɓata saman irin. A ɗura da mazurari ana bubbuga gindinta a ƙasa har iri ya kai wuya, a shimfiɗa 'yar leda mai kauri a baki kafin a murɗa murfi. Murfin da ya tsage ko ya rasa robar cikinsa a canza shi. Inda buhun PICS ya fi jarka shi ne wajen ƙungiyar manoma da ke tara iri wuri ɗaya, ko dillalin da zai ajiye kilo 50 zuwa sama ya fitar a farkon damina. A nan babu abin da ya kai shi arha da sauƙin jerawa.

Ko buhu ko jarka, aikin gaskiya tun daga gona yake farawa, kuma tambayar farko ita ce wane iri aka shuka. Idan fakitin da aka saya bara an rubuta masa F1, wato irin aure ne na kamfani, kada a wahalar da kai. 'Ya'yansa za su tsiro sarai, amma gonar za ta fito barkatai: wannan dogo, wancan gajere, wani ya yi rassa da ƙananan kawuna da yawa, furen ba zai zo lokaci ɗaya ba, amfani ya ragu. Wanda ake ajiyewa shi ne irin da ke maimaita kansa, kamar wanda ake kira Funtuwa. Cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru, Zariya, ta fitar da ire-irenta da sunan SAMSUN, kuma wanda ya sayi iri a shagon kayan gona ya tambayi mai shagon kai tsaye: “Malam, wannan ana iya ajiye 'ya'yansa a sake shukawa?” Idan ya yi inda-inda a duba jikin fakitin.

Ko irin da ke maimaita kansa ma yana gauraya, saboda ƙudan zuma ne ke yi masa barbara, kuma zuma ba ta san iyakar gona ba. Idan maƙwabci ya shuka wani iri daban kuma suka yi fure tare, abin da za a ajiye ruwa biyu ne. Ana son tazarar mita ɗari huɗu aƙalla, kilomita guda ta fi. A gonakin da ke manne da juna, irin na wajen Kura da Bunkure, hakan ba ya samuwa sai dai a sha bamban a lokacin shuka da kamar wata guda, ko kuwa a haɗa baki a shuka iri ɗaya.

A zaɓi kawunan iri tun suna tsaye, daga tsakiyar gona, a ɗaura musu ƙyalle. Ana neman kara mai ƙarfi da bai kwanta ba, kai ɗaya mai faɗi wanda ya cika, ganye marar cuta. Na bakin gona sukan yi ƙaton kai ne don sun sami fili, ba don sun fi kyau ba, kuma su zumar maƙwabta ta fi ziyarta. Kada a ɗebi iri daga kai biyar ko goma don sun burge. Iri yakan raunana idan aka taƙaita iyayensa, hamsin shi ne mafi ƙaranci. Lissafi ma zai tilasta hakan, domin idan kowane kai ya ba da giram 50 na zaɓaɓɓiyar ƙwaya, kilo 8 na buƙatar kai 160. Tsuntsaye kuwa ba sa jira, kurciya da tattabara suna fara ɗiba tun ƙwaya na da taushi. A rufe zaɓaɓɓun kawunan da ragar buhun albasa bayan fure ya bushe. Leda ba ta yi, tana sa kan ya yi gumi ya ruɓe daga baya.

Alamar nuna ita ce bayan kan ya juya daga kore zuwa rawaya, ƙananan ganyen da suka kewaye shi su yi ruwan ƙasa, yawanci kwana 30 zuwa 45 bayan fure. A lokacin ƙwayar ta gama cika, amma danshinta yana wajen kashi 35, nesa da inda ake so. A yanke da ɗan kara, a shanya kawunan fuskarsu sama, kada a tara su tuli ko na dare ɗaya, domin naman bayan kan kamar soso yake, ruwa ne fal a ciki, shi ke fara ruɓewa ya shafi ƙwaya. Idan sun bushe har ƙwaya na zuba da an shafa, a murje da hannu ko a goga kai biyu da juna. Bugu da sanda irin na dawa yana fasa ɓawo, kuma ƙwayar da ɓawonta ya tsage ita ce abincin farko na ƙwaro da fumfuna. A ɗebi na gefe da na kusa da gefe, a bar na tsakiyar kai ga kaji, don su ne na ƙarshe wajen fure kuma da yawansu holoƙo ne.

Sheƙa a nan ba don kyan gani ba ce. Ƙaiƙayin sanfulawa yana da tsini, ga guntayen busasshen kai masu kaifi, waɗannan su ne ke huda ledar PICS daga ciki idan aka jefar da buhu ko aka ɗora masa wani. Suna kuma riƙe danshi fiye da ƙwayar. A sheƙe a iska, a bakace a faifai, marasa ciki su tashi, sannan a bi da hannu a tsince masu tabo da waɗanda tsutsa ta huda.

Wajen shanya ne mutanen Kano suke da sa'a, suke kuma yin ɓarna. Ɓarnar ita ce baza iri a kan kwano, ko baƙin tamfol, ko bakin kwalta da tsakar rana. Ƙwayar da za a shuka ba a son zafinta ya wuce digiri 43, baƙin ɓawon sanfulawa kuwa jan zafi yake, a kan kwano zai zarce haka nesa ba kusa ba. Irin zai fito tsaf a ido alhali ɗan tsiron ya dahu. A baza a tabarma ko farin buhu, kaurin yatsa biyu, daga hantsi zuwa kafin azahar, ana juyawa, sannan a ja shi inuwa mai iska, a kwashe kafin raɓa. Sa'ar kuma ita ce hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar Kano takan bushe ƙwarai, har iri ya sauka ƙasa da kashi 8 a inuwa ba tare da wata na'ura ba. Saboda haka babu dalilin gaggawar ɗaure buhu a Oktoba. A bar irin a buhun algarara, a rataye inda ɓera ba zai kai ba, ana fito da shi shan iska, sai hunturu ya kankama a rufe. Wanda ya bi wannan kaɗai ya yi rabin aikin.

Gane bushewa yana da 'yar wahala. Gwajin gishiri da malaman gona ke koyarwa, inda ake girgiza hatsi da busasshen gishiri a kwalba a ga ko zai manne, yana nuna danshin da ya kai wajen kashi 15 ne. Sanfulawa na iya tsallake shi danshinta bai sauka zuwa kashi 8 ba, ta kuma lalace a rufe. Gwajin haƙori ya fi shi: busasshen ɓawo yana fashewa ƙas, ƙwayar ciki ta karye biyu, ba ta lanƙwasa ko ta dame ba. Wanda yake son tabbaci ya nemi 'yar na'urar auna laimar iska mai batir, irin wadda masu injin ƙyanƙyasar ƙwai ke amfani da ita. A sa ta a kwalba da iri rabi, a rufe, a bar ta ta kwana. Idan ta nuna laimar iska kashi 60 ko ƙasa a rufe buhu da kwanciyar hankali, 50 ya fi, idan ta haura 65 a koma shanya. Kuma kada a zuba iri da zafin rana a jikinsa, a bari ya huce, in ba haka ba gumi zai kwanta a jikin leda.

Ɗaurin buhun kansa ba wuya, amma ana yawan kuskure. Kafin komai a gwada kowace leda: a buɗe ta ta cika da iska, a murɗe baki, a danna. Idan tana saki akwai huji, a duba musamman ɗinkin gindi. A sa leda ɗaya cikin ɗaya, a sa su cikin buhun waje, a naɗe bakunan baya, a fara zuba kaɗan don gindin ya zauna ba tare da aljihun iska ba. A bar kamar taƙi guda a sama. A matse iska, a murɗe bakin ledar farko, a lanƙwasa shi biyu, a ɗaure tam da igiya ko tsinken robar tayar keke. Sannan ta biyu ita kaɗai, sannan na waje shi kaɗai. Masu haɗa ukun su ɗaure lokaci guda sun mai da shi buhun banza. Waya ba ta ɗauri, tana yanka leda, allurar ɗinkin buhu kuwa ko kusa kada ta zo.

Buhun ba ya tare zafi, wannan a sani. A ɗakin kwano marar silin a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kai digiri 40 a waje, iri yana tsufa ko an ɗaure shi da kyau. Ɗakin ƙasa mai rufin azara ya fi ko'ina, in babu shi a nemi ɗakin da rana ba ta dukan bangonsa da yamma. A ɗora a katako, a janye daga bango, nesa da madafa. Ana cewa ɓera bai cika damun buhun PICS ba tunda ƙanshi ba ya fita, kuma akwai gaskiya a ciki, sai dai ɓera yana son sanfulawa fiye da wake, ƙwaya kaɗan da ta zube a ƙasa ko ta maƙale a saƙar buhun waje ta isa ta kira shi. A share wurin, kuma wanda yake da tsohon duro mai murfi ya jefa buhun a ciki. Firji zai yi kyau a ce wuta na zama, amma yadda take zuwa tana ɗaukewa, kwalbar iri za ta riƙa sanyi tana gumi, gara ɗaki mai sanyi da hakan.

Babu buƙatar ƙwayar maganin hatsi ko fiya-fiya a cikin wannan buhu, don a huta da su aka yi shi. Maganin da ake cuɗa iri da shi, irin su Apron Star, a bari sai ranar shuka, a bi awon da ke jikin fakitin, a cuɗa iya wanda za a shuka. Ta haka abin da ya ragu yana nan halal ga mai matsa mai ko mai kiwon kaji. Da zarar an cuɗa, ya tashi daga abinci har abada.

Gwajin tsiro shi ke nuna ko buhun ya yi aikinsa, amma yana da lokacinsa. Sabuwar sanfulawa tana yin barci bayan girbi, wata ɗaya zuwa biyu, ba ta tsirowa sosai ko lafiyarta ƙalau. Wanda ya gwada a makon girbi ya ga kaɗan sun fito zai zubar da iri mai kyau. Masu noman rani a Kadawa da ke son juya irin kaka nan take su kula da wannan, su yi amfani da na bara ko su jira. A yi gwaji na farko ranar da za a rufe buhu a hunturu, na biyu kuma mako biyu kafin shuka. A ɗebi ƙwaya 100 daga sama da tsakiya da ƙasa ba tare da zaɓe ba, a jera a jiƙaƙƙen tsumma ko yashi mai tsabta, a ajiye a inuwa, kada ya bushe kada kuma ruwa ya kwanta. A fara ƙirga a kwana na 4, a rufe lissafi a kwana na 10, masu lafiyayyen saiwa da kai kaɗai ake ƙirgawa. Daga 85 zuwa sama iri ne mai kyau. Tsakanin 70 da 85 a ƙara ƙwaya ɗaya a rami. Ƙasa da 70 a nemi sabo. Idan gwajin farko ya ba da 90 na biyu ya faɗo 60, a duba leda da kuma ɗakin, ɗayansu ne ya ci amana. Bayan an ɗebi na gwaji a mayar da ɗaurin nan take, domin a watan Yuni buhun da aka bari a buɗe yini guda ya fara shan danshi.

Wajen saye, ana samunsa a Dawanau da shagunan kayan gona na cikin gari, kuma yakan yi wuya a tsakiyar kaka lokacin da masu wake suka yi masa caa, don haka a saya da wuri. A duba tambarin PICS a buhun waje, a zaro ledojin a ƙirga biyu ne, a ja su da yatsa a ji kauri. Akwai masu zura siririyar leda ɗaya cikin buhun saƙa su sayar da sunansa, farashinsa ƙasa, aikinsa ma ƙasa. Wanda ya daɗe a rana a bakin shago har ledar ta fara ƙamewa a bar shi. Na gaske idan an lallaɓa shi yakan yi kaka uku, muddin ana maimaita gwajin iska duk shekara. Ɗan ƙaramin huji ana like shi da salatif ciki da waje, ledar da ta yage a ɗinkin gindi kuwa a mai da ita ta shanya.